Ɗinkin Wuta

Shekara goma sha ɗaya keken ɗinki na bisa kafaɗata,
daga Agege zuwa Ogba, ina kaɗa almakashi
don mai yagaggen wando ya ji ni.
Kafaɗar dama ta sauka, ta hagu ta ɗaga.
Ran da na haura arba'in na ce ya isa.

Oga Sikiru, can bayan gadar Ketu,
ya juya tafina, ya ce da Hausarsa ta kasuwa:
"Tela, wannan allura tana cizo fa."
Ya miƙo sandar walda da baƙin gilashi.

Ranar farko sanda ta liƙe wa ƙarfe
kamar kaska a kunnen sa.
Na fizga, ta ƙi. Yaran shago suka tuntsire,
babbansu bai kai Nafi'u ɗana ba.
Na ɗage gilashi in ga abin da nake yi.
Daren nan ban runtsa ba,
yashin bakin teku kaf ya tare a idona,
Talatuwa na ɗora min jiƙaƙƙen tsumma
tana cewa, "Wa ya aike ka?"

Oga ya ce kunne ke walda, ba ido ba.
In ta yi ƙarar tuyar ƙosai, ta zauna.
In ta yi tari, ka yi nisa.
Wata bakwai ina sauraren ƙarfe,
tartsatsi ya huda riguna uku,
ni na face su da dare, ban faɗa wa kowa ba.

Sai na sayar da keken.
Wanda ya saya ko juya shi bai iya ba.
Na kai kuɗin Owode, inda ake auna ƙarfe a sikeli,
na sayi gatarin tsohuwar Fijo,
sifirin biyu, ƙarfe mai kusurwa da tsatsa ta lasa,
da tayoyi biyu, ɗaya ta girmi ɗaya.
Iskar Ikko gishiri ce,
ka kankare yau, jibi ta shafa masa jan lalle.

A ɗauke wuta, mu zauna.
A kawo wuta, mu bar abinci a buɗe.
Haka tirelar ta tashi, haƙarƙari bayan haƙarƙari.

Ran gwaji muka tura ta a layi,
ta kama tafiya a kaikaice kamar ƙaguwa.
Mai lemo ta rufe baki da zani.
Oga bai ce uffan ba, zare ya ɗauko,
ya ja daga wannan kusurwa zuwa waccan,
ya sake ja ta ɗaya gefen.
Yatsa uku ne bambancin.
Ni da na auna ƙugun mutum dubu,
zare na manta!

"Zafi na jan ƙarfe. Ɗiga-ɗiga tukuna,
kamar yadda kake kafa fil kafin ka taka."
Kwana biyu ina yanke aikin sati uku.
Farke ɗinki ban taɓa jin ciwonsa haka ba.

Jiya muka ɗaura ta a bayan motar Isiyaku,
buhun albasa takwas daga Mil Sha Biyu.
Ruwa ya tsuge, hanya ta zama kunu,
ɗan kwandasta ya buga mata tafi yana ashar,
rami ya haɗiye taya ya tofo ta.
Wuyana ya ƙage don waiwaye.
Ba ta ce ƙis ba. Bin mu kawai take,
ɗinkina na sheƙi ƙarƙashin shuɗin fenti.

A Agege, muna sauke kaya,
wani ya gifta, aljihunsa na reto a yage.
Na ji yatsuna sun motsa da kansu.
Na cusa su cikin safar fata,
na ɗaga buhu na gaba.